Bugu Uku a Kaset ɗin Mars

Ni ban taɓa jin haushin mutanen da suka aika mota duniyar Mars ba. Na san wannan magana ba ta yi wa abokan aikina daɗi, domin a ɗakin malamai na kolejin da na koyar a Maraɗi, duk ranar da aka ɗauko zancen sai an yi tsaki an ƙara. A ce ƙoshi ne ya yi musu yawa, shi ya sa suke neman rai a sama alhali ga masu rai nan a ƙasa suna kwana da yunwa. Ni ma gwanar tsaki ce, duk wanda ya zauna da ni ya sani. Amma nawa tsakin na ajiye wa masu shi, kuma ba a sama suke ba, na san fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya.

Shekarar da nake magana a kanta ita ce wadda damina ta ɗauke ƙafa da wuri, fara ta biyo baya ta share abin da ya rage, ga kuma zaɓe ya ƙarato. Gari ya cika da motoci masu lasifika, kowane bango da hoton wani mai murmushi. Ni kuwa ina koyar da kimiyya a ajin da ɗalibai suka fi kujeru yawa, ba littafi, ba hoto, sai alli da bakina. Dabarar da na yi ita ce, ina da rediyo mai kaset, irin mai mariƙi a sama, mai cin pil, wato batir, guda shida. In wata tashar waje ta sa shirin kimiyya da Hausa sai in ɗauka a gidana da ke Sabon Gari, washegari in kai aji in kunna musu, in riƙa tsayarwa ina ƙarin bayani.

A wannan shekarar ne aka sauke wasu ƙananan motoci biyu marasa direba a kan Mars. Shirin da na ɗauka ya yi bayaninsu dalla-dalla: kowace tana da taya shida, da ido a kan dogon wuya, da hannu ɗaya da take goge dutse ta duba cikinsa. Tafiyar da jaki zai yi kafin a gama gaisawa, ita sai ta wuni tana yi. Abin da suke nema shi ne alamar cewa ruwa ya taɓa kwanciya a wurin, don inda ruwa ya zauna can ake sa ran ko rai ya taɓa zama. Masu tuƙa su suna nan duniya, su aika umarni, su zauna su jira amsa, in ta zo su duba ta da kyau kafin su ce uffan. Wata ɗaliba ta tambaye ni don me ba a aika mutum ba. Na ce iskar wurin ba ta ɗaukar mutum, kuma mai hankali ba ya shiga rami sai ya fara aika abin da zai gaya masa abin da ke ciki. Na ƙara da cewa haka babana yake yi. Aji ya fashe da dariya, wai Madam ta haɗa Amurkawa da masu yasar rijiya na Tibiri.

Ban ji kunya ba, don gaskiya na faɗa. Babanmu, Allah ya jiƙansa, haƙa rijiya da yasarta ne sana'arsa tun yana saurayi har ƙarfi ya ƙare masa, kuma a kan gadonsa ya rasu, abin da ba kowane mai wannan aiki ke samu ba. Dokoki biyu ne suka kai shi tsufa. Ta farko, ba ya shiga tsohuwar rijiya sai an kunna fitila an zura ta da igiya har ƙasa. In ta isa tana ci, sai ya yi bisimilla ya sauka. In ta mutu a hanya, to iskar ciki ta ɓaci, sai a ɗaure rassan bedi, wato dalbejiya, masu ganye a yi ta zurawa ana fizgowa har iska mai kyau ta shiga, a sake gwada fitila. Ta biyu, wanda ke ƙasa ba ya ɓata numfashinsa wajen kira. Yana da bokitin ƙarfe ɗaure a ƙugu: bugu ɗaya, a saki igiya, bugu biyu, a ja laka, bugu uku, a ja shi da kansa, yanzu-yanzu. Tun muna ƙanana mun san wannan lissafi, har wasa muke yi da shi a kan kwanon tuwo.

Yayana ne ya gaji aikin. Shekara takwas ya ba ni, dogo ne, mai ƙaramar murya da girman kai irin na wanda ya iya abin da yake yi. Shi ya riƙa kai ni Maraɗi a bayan keke lokacin jarrabawa, shi ne kuma bai daina tsokanata ba bayan na zama malama. Ranar Lahadin da ta gabaci abin da zan faɗa, na je Tibiri gaishe da Inna, mahaifiyarmu, na tafi da rediyon na kunna masa shirin Mars ɗin a tsakar gida. Ya saurara har ƙarshe yana murza sabuwar igiya a cinyarsa. Da aka gama ya ɗago kai ya ce, “Ashe su ma 'yan gado ne. Sun san hitila.” Inna ta ce mu biyun duka ba mu da aikin yi.

Ranar Alhamis ina cikin aji, na kunna wa wani rukunin ɗalibai kaset ɗin, sai aka ce ana kirana a ƙofar lakwal, wato makarantarmu. Wani ɗan kabu-kabu ne, bai ma kashe babur ɗinsa ba. Ya ce yayana ya faɗa rijiya a wani ƙauye gaba da Jiratawa, abokin aikinsa ne ya aiko shi. Ya sunkuyar da kai ya ce sai haƙuri. Na tambaye shi an fito da shi ne, ya ce a'a. Na ce to wa ya ga gawarsa? Na koma aji na tura rediyon cikin jakata ba tare da na san na yi ba, na hau bayan babur. Muka ratsa Jiratawa, ga ruwa na gudu a kwatocin noman rani, ga kore ko'ina, sa'an nan muka hau tudu inda ba komai sai rairayi da karan geron da bai yi ido ba. Can ruwa yake da nisa a ƙasa, rijiyoyin kuma tsofaffi ne masu zurfi.

Rana ta kusa tsakiya lokacin da muka isa. Abin da na fara gani shi ne rumfa da kujerun roba a jere, da makaɗa zaune da gangunansu, da farar mota mai lasifika tana ta rera waƙar jam'iyya. Can gefe mutane sun yi da'ira, amma nesa da bakin rijiyar, don an kewaye ta da igiya an ce kada wanda ya matsa. Abokin aikin Yaya, wanda suka yi shekara da shekaru ɗaya na ƙasa ɗaya na riƙe da igiya, yana tsugune a gindin bedi ya haɗa kai da gwiwa. Shi ya gaya mini yadda aka yi, a gurguje a lokacin, daga baya kuma da tsawo.

Rijiyar ta daɗe a rufe, an bar ta tun da ta cushe. Wani ɗan takara zai zo ƙauyen da azahar, sai wakilinsa ya ga ba abin da zai fi kyau kamar a yashe ta da safe, mai gida ya zo ya ja gugan farko a gaban jama'a a ɗauki hoto. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma wa zai gaya wa mai neman ƙuri'a haka? Aka kira su Yaya. A shekarar da ba a samu hatsi ba, ba mai ƙin aiki. Da suka zo da hantsi suka buɗe bakin rijiyar, Yaya ya ce a kawo kananzir, don na fitilarsu ya zube a hanya. Wakilin ya ce babu, kuma ba lokacin aikawa Jiratawa. Yaya ya ce to a jira. Sai mutumin ya yi dariya a gaban mutane, ya ce shi an ce masa ɗan gado za a kawo, ashe ɗan koyo ne mai tsoron duhu. Wannan kalma ita ta tura yayana cikin ramin. Ina jin haushin wanda ya faɗe ta, kuma har gobe ina jin haushin wanda ya bari ta shige shi, don ya fi kowa sanin abin da babanmu zai ce.

Ya ɗaura bokiti a ƙugu, ya zauna a kan ɗan itacen da ke ƙarshen igiya, aka fara saki. Saura kaɗan ya isa ƙasa abokinsa ya ji igiya ta yi sakayau a hannunsa. Jiri ya ɗebe shi ya zame. Suka kira, ba amsa. Aka haska da madubi, aka hango wani abu baƙi kwance a cikin laka ba ya motsi. Kuma a nan ne, jama'a, kananzir ya samu. Wanda aka ce babu shi a ƙauyen kaf, sai ga shi cikin kwalba daga wani gida da ke kallon rijiyar. Aka kunna fitila aka zura, ta mutu kafin ta kai ƙasa. Wakilin ya tafa hannu ya yi salati, ya ce shi ke nan, Allah ya karɓi abinsa. Ya ɗauko salularsa, abin da ba kowa ke da shi ba a lokacin, ya kira cikin gari ya ce an yi mutuwa a rijiya. Ya sa aka kewaye wurin, ya ce kada a taɓa komai sai hukuma ta zo ta ga gawa a inda take ta rubuta takarda. Da abokin Yaya ya ce a bari a kaɗa iska ya sauka, sai aka ce masa gawa biyu yake so a yi, kuma in ya matsa shi za a fara tambaya yadda aka yi igiya ta saki mutum. Tsoro ya zaunar da shi.

Na tsallake igiyar da suka kewaye wurin da ita. Wakilin ya taho da sauri, farar rigarsa ko ɗigon laka babu, ya sassauta murya irin ta masu ta'aziyya.

“Madam, ki yi haƙuri ki koma wajen mata. An zura hitila ta mutu. Inda wuta ba ta rayu ba, mutum ba shi rayuwa.”

Na ce, “Hitila kunka tambaya, ko shi kunka tambaya?”

Duk shekara ina yi wa ɗalibai gwajin kyandir da kwalba, kuma na san abin da littafi ya ce: wuta tana riga mutum mutuwa. Iskar da za ta kashe fitila tana iya barin mutum da rai, a galabaice, na wani lokaci. Babanmu ma ya san haka ba tare da littafi ba, shi ya sa yake gwadawa da fitila, don ta ba shi gargaɗi tun da sauran dama. Abin da aka yi don a tsare mai rai kafin ya shiga, su sun ƙi yi a lokacinsa, sun dawo sun yi shi bayan ya shiga don su yanke masa hukuncin mutuwa. Na faɗi wannan da ƙarfi, da Hausa, har da Faransanci don mai farar rigar ya san ba a hanya aka tsinto ni ba. Wani dattijo ya ce a bar ta, zafin rashi ne ya taɓa mata kai.

Na kwanta rub da ciki a bakin rijiyar na kira Yaya. Muryata ce ta dawo mini. Na kasa kunne, amma me zan ji? Mata na kuka a bayana, maza na salati, ga lasifika tana ta waƙa, don direban ya ce ba a ba shi umarnin kashewa ba. Na miƙe na roƙi a yi shiru na minti ɗaya tak. Ba wanda ya ko dube ni, sai wasu mata biyu da suka zo za su kama ni. Da na fizge hannuna jakata ta bugi ƙuguna, na ji nauyin rediyon.

Ba zan ce na yi wani dogon tunani ba. Kwana huɗu ina maimaita wa ɗalibai magana ɗaya, cewa in mutum ba zai iya zuwa wuri ba sai ya aika abin da zai je ya jiyo masa. Na cire mayafina na naɗe rediyon da shi, na bar gaban a buɗe, na sa shi cikin guga. Wani kaset babu, sai na Mars ɗin da ke ciki, a tsaye inda na tsayar da shi a aji. Na danna jan maɓallin ɗauka. Na kira abokin Yaya na ce ya zo ya zura mini, shi ya san zurfin, ya tsaya in ya rage tsawon gaba guda a kai ƙasa. Wakilin ya ce wannan wane irin wasa ne da gawa, ya hana. Abokin Yaya da ke tsugune tun hantsi ya tashi, ya wuce ta gabansa kamar bai gan shi ba, ya karɓi igiya. Ya riƙa saki yana auna gaba da hannuwansa har ya tsaya. Na ce ya riƙe haka. Na karanta Ƙulhuwallahu ƙafa ashirin ban yi sauri ba, sa'an nan na ce ya ja.

Da na mayar da kaset ɗin baya, sai na zarce. Muryar mai gabatar da shiri ta fito, yana bayanin jajayen duwatsun Mars. Wasu daga cikin taron suka yi dariya, na ji su, kuma ban manta ba. Sai muryar ta yanke. Aka ji gogar guga a jikin bango, aka ji hayaniyar sama tana nisa tana nisa har ta ɓace. Shiru. Sai wani sauti kamar ana jan tsumma a kan ƙasa, ya tsaya, ya dawo. Numfashi ne. Kafin in buɗe baki sai ga ƙarar dutse a kan ƙarfe, a raunane: ɗaya, biyu, uku. Aka jima. Ɗaya, biyu, uku.

Abokin Yaya ya dafe kai da hannu biyu. Ya ce, “Shina kira. Wallahi tun ɗazu shina kira.”

A lokacin ne aka kashe lasifika. Mutanen da suka zauna tun hantsi suna jiran takarda suka tashi kamar an watsa musu ruwan zafi, wannan ya hau bedi da gatari, wancan ya kawo igiya, aka ɗaure rassa aka yi ta zurawa ana fizgowa. Aka gwada fitila, ta wuce inda ta mutu da farko, ta sake mutuwa. Aka ci gaba. A gwaji na uku ta isa ƙasa tana ci, 'yar ƙaramar wuta. Duk wannan aikin bai kai tsawon dahuwar tuwo ba. Na tsaya ina kallonsu suna gumi suna ba juna umarni, ina tuna cewa bishiyar nan tana wurin tun safe, gatarin yana wurin, hannuwan nan duka suna wurin. Abokinsa ya sauka da igiya biyu. Muka ji bugu uku, wannan karon da ƙarfi, aka ja.

Aka shimfiɗe Yaya a kan mayafina. Na share masa laka daga hanci da baki, na sa kunnena a ƙirjinsa, na danna, na hura masa iska, na yi duk abin da na taɓa karantawa. Jikinsa da ɗumi, amma ya riga ya cika. Hannunsa na dama a dunƙule yake, da na buɗe shi sai ga ɗan dutsen da yake bugawa da shi. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Da a ce an yi abin nan da hantsi, ko da rabin hantsi, ban san abin da Allah zai yi ba, kuma ba wanda ya sani. Amma na san ba a gwada ba, kuma wannan ba kwana ne ya ƙare ba, mutane ne suka zauna.

Hukuma ta zo bayan la'asar ta rubuta takardarta. Ban ga laifinsu ba, gawa aka ce musu, kuma ba mai gudu don gawa. Ɗan takarar bai zo ba sam, aka kwashe kujeru aka kai taron wani ƙauye.

Muka kai Yaya Tibiri. Tun a hanya mazan danginmu suka haɗa baki cewa za a gaya wa Inna nan take ya cika, bai wahala ba. Abokinsa ya roƙe ni don Allah in rufe bakina, ya ce tsohuwa ba za ta iya ɗauka ba. Na yarda. Kwana biyu ina zaune kusa da ita a ɗaki, mata na shigowa suna cewa an gode Allah da bai sha wuya ba, tana amsawa tana jan carbi. Na tura rediyon ƙarƙashin gado na rufe shi da zane.

Ranar sadakar uku wakilin ya zo da tawaga, da buhunan shinkafa a bayan farar motar nan. Aka shimfiɗa musu tabarma a ƙofar gida tare da maza. Ina cikin zaure zan miƙa ruwa na ji yana magana, da muryar wanda ya saba da taro. Ya ce ajali ne, ko shurawa marigayi bai yi ba. Ya ce sun yi duk abin da ɗan Adam zai iya yi. Har nan na daure. Sai ya rage murya kaɗan, ya ce zancen da ake yaɗawa na wani kaset kuwa a yi watsi da shi, kukan iska ne a cikin rami, kuma an san mace in rashi ya same ta ba abin da ba za ta ji ba. Wasu suka ce haka ne.

Na ajiye ruwan. Na shiga ɗaki na jawo rediyon, na fito ba mayafi, na ratsa tsakiyar maza na dire shi a kan tabarma a gabansa, na murɗa murya har ƙarshe, na danna. Numfashin yayana ya cika ƙofar gidan ubanmu. Ɗaya, biyu, uku. A Tibiri, a ƙofar gidan masu haƙa rijiya, ba sai an yi wa kowa fassara ba. Tsofaffin abokan babanmu suka sunkuyar da kai, ɗayansu ya fara kuka. Mai farar riga ya dubi ƙasa, ya dubi rediyon, ya nemi takalmansa. Tawagar ta tashi ba a ko shafa fatiha ba. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, na ji wani sanyi a ƙirjina da ban ji ba tun ranar Alhamis. Daɗin ya kai ni daga tabarma zuwa ƙarshen zaure, a nan ya ƙare.

Ɗakin Inna bango ɗaya ne ya raba shi da ƙofar gida, kuma tagarsa a buɗe take. Cikin fushina ban tuna ba. Matar da ta yi shekara arba'in tana auren mai haƙa rijiya, ta haifi wani, ita za a ɓoye wa ma'anar bugu uku? Na same ta zaune yadda na bar ta, carbin yana hannunta amma ya tsaya. Matan da ke ɗakin suka fice ɗaya bayan ɗaya. Ta tambaye ni tun yaushe yake bugawa. Na so in yi ƙarya, bakina ya ƙi. Na ce tun hantsi, har kusan azahar.

Ta ce, “Su sun ba ni ƙarya in kwana da ita. Ke mi kinka ba ni?”

Na koma aiki bayan sati. Na ci gaba da koyar da darasin Mars da baki, ban ƙara kai rediyo aji ba. Wakilin nan ya samu muƙami bayan zaɓe, ya yi ƙiba, in mun haɗu a hanya yakan ɗaga mini hannu daga cikin mota, ni kuwa ban taɓa amsawa ba. In abokan aikina suka fara tsakinsu a kan masu neman rai a sama, sai in tattara takarduna in fita. Mutanen can sun aika abu tafiyar wata da watanni don ya duba musu ko wani abu ya taɓa numfashi a cikin dutse, suka zauna suna sauraro da haƙuri. Mu namu yana ƙasan ƙafafunmu, da ransa, yana kira da yaren da muka sani, muka kunna waƙa.

Inna ba ta ƙara tayar da zancen ba, amma ba ta koma yadda take da ni ba. Takan amsa gaisuwata, ta ci abin da na kawo, ta sa mini albarka a taƙaice. Ta hana jikoki wasan buga kwano. In baƙo ya ƙwanƙwasa ƙyauren gida sai ka ga ta zabura ta dafa ƙasa za ta tashi, sa'an nan ta tuna ta koma ta zauna.

Shekaru bayan haka, a ciwonta na ƙarshe, ina jinyarta a ɗakin nan dai, wata safiya ta tambaye ni ko abin nan yana nan. Na gane rediyon da kaset ɗin take nufi. Na ce yana nan. Ta ce in kawo, ba ta da hotonsa, ba ta da muryarsa a ko'ina sai a ciki. Na hau kabu-kabu na je Sabon Gari na ɗauko, na sayi sababbin pil a hanya. Na ajiye shi kusa da matashinta na kunna a hankali. Ta rufe ido tana jin numfashin ɗanta. Da aka yi bugun farko leɓunanta suka motsa tana ƙirgawa. Da aka cika uku ta buɗe ido ta dubi ƙofa, ta ce a hankali, “Ku ja shi mana.”

Kaset ɗin ya ci gaba da juyawa. Aka ji guga na hawowa, aka ji ƙarar maɓalli, sai mai gabatar da shirin ya dawo can gaba da inda na katse shi, yana cewa motocin suna nan suna dubawa, ba a yanke ƙauna ba. Na miƙa hannu na kashe.